Dogo Zai Ratsa Ƙasar Gulbi: Ina Ruwan Zai Bi?

A ƙarshen watan Janairu na 2010 aka yi kwana da kwanaki ana sheƙa ruwa a tsaunukan ƙasar Peru, can Kudancin Amurka. Kogin Urubamba ya cika ya batse, ya yi awon gaba da ƙasar da ke ƙarƙashin layin dogon da ke kai mutane Machu Picchu. Wannan wuri kufai ne na wani tsohon birni da mutanen Inka suka gina da duwatsu a kan tsauni, kuma babu abin da ke jawo wa Peru baƙi kamarsa. Ƙaramin garin da ke gindin tsaunin, Aguas Calientes, ba shi da hanyar mota: ko ka shigo a jirgin ƙasa, ko ka taka sayyada. Da dogo ya tsinke, sai masu yawon buɗe ido fiye da 2,000 suka wayi gari ba gaba ba baya. Masaukai suka cika, wasu suka kwana a taragun jirgi, wasu a dandalin gari. Kuɗin abinci da na ruwan sha ya yi tashin gwauron zabo. Sai da aka kawo jirage masu saukar ungulu suka yi kwanaki suna jigila, aka fara da tsofaffi da marasa lafiya da yara, kafin a kwashe kowa.

Iyakar abin da duniya ta ji ke nan, don inda baƙo yake nan 'yan jarida suke. Da aka kwashe baƙin sai masu ɗaukar hoto suka naɗe kayansu. Amma ba a sake buɗe Machu Picchu ba sai ranar 1 ga Afrilu. Wata biyu cur mai sayar da abinci a bakin tasha, da ɗan dako, da mai sharar ɗakin otal, da mai yi wa baƙi jagora suna zaune hannu rabbana. Manoman kwarin kuwa, waɗanda da yawansu ba su taɓa cin sisin baƙo ba, ruwa ya tafi da gidajensu da gonakinsu na masara. Baƙo hutunsa ne ya ɓaci, ya koma gida da labarin da zai daɗe yana bayarwa. Ɗan gari shi aka bari da kwasar laka.

Mai karatu a Madarunfa, nan jihar Maraɗi ta Nijar, zai iya cewa ina ruwan biri da gada? Mu da ba mu taɓa jin kukan jirgin ƙasa a garinmu ba. Gaskiya ne. Nijar kaf ba ta da jirgin ƙasan da ke ɗaukar fasinja. Layin da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, kimanin kilomita 140, an yi bikinsa an watse, jigila kuwa ba a taɓa yi a kansa ba. Kakanninmu ma da suka noma gyaɗar da ta cika dalar Kano, a bayan raƙumi da jaki da babbar mota suka riƙa kai ta inda dogo ya tsaya.

Sai dai wannan karon maganar ta matso ƙofar gida. Ranar 9 ga Fabrairun 2021 shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina ya iso Jibiya. Daga Jibiya kuwa babu ta inda za a kai Maraɗi sai ta ƙasar Madarunfa, ta yankin Ɗan Isa. An sha ɗaga ranar kammalawa, rufe iyakar da aka yi a 2023 ma ya sa wasu sun fid da rai, amma aiki irin wannan in ya ci kuɗi haka ba ya komawa baya cikin sauƙi. Mu ƙaddara yana tafe.

To, wace irin ƙasa zai ratsa? Ruwan da ya sauka a ƙasar Katsina shi ke taruwa a kogin Gada, ya bi ta madatsar Jibiya, ya tsallako iyaka ya zama Gulbin Maraɗi. Ya wuce ta gefen Madarunfa da Jiratawa, ya gitta Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya yi kwana ya koma Najeriya ya faɗa kogin Rima. Ga Gulbin Gabi yana zuba a tafkin Madarunfa. Tsakanin waɗannan kuma akwai ƙananan koramu birjik da ba su da suna a taswira, sai a bakin mutanen ƙauyen da ke kusa da su. Injiniyan da ya zo awo a watan Maris, yashi kawai zai gani, da sawun amalanke, da yara suna tonon ruwa a tsakiyar gulbi. In bai tambaya ba, ba abin da zai gaya masa cewa wurin da yake tsaye, a watan malka, raƙumi ma ba ya ƙetare shi.

Jirgin ƙasa ba ya son hawa da gangara. Shi ya sa duk inda layi ya iske kwari sai a yi ciko: a jibge ƙasa a daddaɓe ta ta zama doguwar ganuwa, a zuba tsakuwa a kai, a gicciya sandunan kankare, sannan a ɗaure ƙarfen dogo. Ruwa ba ƙarfen yake ci ba. Tsakuwar yake kwashewa, ya rarake cikon, ya bar ƙarfe yana lilo a sama. Direban mota in ya iske ruwa ya cinye hanya, sai ya ratse ya bi ta gonar wani, ko fasinja su sauko su naɗe wando su tura. Jirgin ƙasa ba shi da ratse. Taku goma in suka zube, layin ya tsaya daga wannan kai zuwa wancan. Kuma jirgin da ya ɗauki gudu yana cin ɗaruruwan mitoci kafin birki ya tsayar da shi, saboda haka lokacin da direba zai hango ramin, aikin gama ya gama.

A dubi abin da ya faru a Carmont, kusa da garin Stonehaven a Sikotland, ranar 12 ga Agustan 2020. Da sassafe aka yi ruwa mai ƙarfi, milimita 51.5 cikin kimanin awa uku. Wani jirgin fasinja da ya taso daga Aberdeen zai tafi Glasgow aka tsayar da shi a hanya saboda ƙasa ta zabtaro a gabansa, aka ce ya juya. A hanyar komawa, yana gudun kilomita 117 a awa, ya hau tarin tsakuwar da ruwa ya watso a kan dogo. Ya kauce, ya daki bangon gada, taragu suka gangara kwari. Mutum tara ne kacal a ciki, don lokacin annobar korona ce. Uku suka rasu: direba, da kwandasta, da fasinja ɗaya.

Abin da masu bincike suka gano, a rahoton da suka fitar cikin Maris na 2022, shi ya fi hatsarin kansa tayar da hankali. Tsakuwar nan daga cikin magudanar ruwan da aka gina don kare layin ta fito. Tsakanin 2011 da 2012 kamfanin Carillion ya yi kwangilar: a haƙa rami a jikin gangare, a shimfiɗa bututu, a cika da tsakuwa. Masu aikin suka tayar da wani ɗan tudun ƙasa da babu shi a zane. Tudun nan ya riƙa tattaro ruwan gangaren yana zuba shi wuri guda, daidai inda ramin ya fi gangara. Ba wanda ya lura, domin ɓangaren sama na magudanar ba a ma shigar da shi cikin rajistar wuraren da ma'aikata ke zagawa dubawa ba. Shekaru suka shuɗe ba a leƙa shi ba. Kafin ranar hisabi ta zo ɗan kwangilar ya riga ya durƙushe tun 2018, sai hukumar da ke kula da layukan dogo, Network Rail, kotu ta ci ta tarar fam miliyan 6.7 a watan Satumbar 2023. Wannan fa a Birtaniya ke nan, ƙasar da ta ƙago jirgin ƙasa, mai injiniyoyi da na'urori da kotunan da ke aiki.

Yanzu a riƙe wannan milimita 51.5 a hannu guda. Ranar Juma'a 30 ga Agustan 2024 ruwa ya sauka a birnin Maraɗi, wanda aka ce ya kai milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, aka rasa mutum 15. Kusan ninki uku ke nan na ruwan da ya kayar da jirgi a Sikotland, cikin rabin lokacin. A yankin da ruwan shekara gaba ɗaya bai cika wuce milimita 600 ba, kashi ɗaya cikin huɗu ya zubo kafin a gama dafa tuwo. Halin ruwanmu ke nan: ya yi ta ja mana rai, ran da ya ga dama ya juye gaba ɗaya, a kan ƙasa mai rairayi da ba ta da riƙo, wadda kuma aka sare mata itatuwa. Daminar 2024 ta kashe mutane fiye da 300 a Nijar, ta kayar da tsohon masallacin Damagaram, ta yanke hanyoyin shiga Yamai, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Duk kwalbatin da aka auna faɗinsa da ruwan shekarun fari na 1970 da 1980, an auna shi da damina da ba ita muke gani yanzu ba.

Kada kuma wani ya ce ai mu ƙasar fari ce. A Janairun 2022 ruwa ya yanke layin dogon da ya ratsa hamadar Ostireliya a wurare 18, ya zauna kwana 24 a rufe, har kantunan birnin Perth suka fara rasa kaya.

Amma abin da ya fi hana ni barci bai kai nisan Ostireliya ba. Yana Mokwa, a jihar Neja, garin da tsohon layin Legas zuwa Kano ya bi ta cikinsa. Da asubahin 29 ga Mayun 2025 ruwa ya afka wa unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa mutane suna barci. An tabbatar da mutuwar fiye da mutum 150, wasu ɗaruruwa ba a gan su ba. Mutanen garin sun shaida wa manema labarai cewa ruwan ya yi kwanaki yana taruwa a bayan cikon tsohon layin dogo. Da can yana wucewa ta kwalbatocin da ke ƙarƙashin cikon, sai shara da itace da yashi suka toshe su. Ruwa ya yi ta hawa, har ganuwar ƙasar ta gaji ta ɓalle. Babu jirgi a kan layin ranar, babu fasinja, babu baƙo ko ɗaya daga ƙasar waje. Waɗanda suka mutu mutanen da ke kwance a ɗakunansu ne, har da almajirai.

Duk mai gidan ƙasa ya san abin da toshewar rariya ke yi wa katanga. Ciko mai tsawon kilomita da yawa da aka gicciya a hanyar ruwa madatsa ce, ko da ba a kira ta da wannan suna ba, kuma madatsa ce da ba ta da mai gadi. Wanda gonarsa ke sama da ita, geronsa zai kwana cikin ruwa. Wanda gidansa ke ƙasa da ita, ransa na rataye da faɗin wata ƙofa da bai taɓa gani ba. Ko kwalbatin bai toshe ba, ruwan da a da yake bazuwa a faɗin fadama ya shiga ƙasa a hankali, yanzu an matse shi ta baki ɗaya, zai fito da ƙarfi ya haƙa kwazazzabo a gonar da ke gabansa. Wanda ya bi manyan hanyoyinmu na kwalta da damina ya ga irin wannan a bakin kadarko da idonsa.

Mu kuwa ba baƙin gulbi ba ne. Tsohuwar Maraɗi a cikin kwari take, ambaliyar 1945 ce ta rushe ta, Turawan Faransa suka mayar da garin kan tudu inda yake yau. A watan Yulin 2018 ruwa ya ci Jibiya cikin dare, ya kashe mutum fiye da 40, wasu gawarwakin sai a ƙasar Madarunfa aka tsamo su. Ruwa bai tsaya a Ɗan Isa ya nuna takarda ba. Abin da ya sauka a Katsina da dare, da safe yana ƙofar gidanmu.

Wannan ya kai ni ga labarin da na fi so cikinsu duka. Daren 17 ga Disambar 2023 ruwa ya sauka a kudancin jihar Tamil Nadu ta Indiya irin wanda ba a saba gani ba, wani gari ma ya samu fiye da milimita 900 cikin kwana ɗaya. Jirgi ya taso daga Tiruchendur, garin da mabiya addinin Hindu ke zuwa ziyara, zai tafi Chennai da fasinja kimanin 800. Da ya iso ƙaramar tashar Srivaikuntam sai shugaban tasha ya hana shi wucewa, don labari ya zo masa cewa ruwa ya hau layi a gaba. Fasinja suka yi ta ƙorafi, kamar yadda ni da kai za mu yi. Gari na wayewa aka ga ruwa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin dogon ba nisa da tashar. An samu an kai wasu wata makaranta kafin ruwa ya kewaye wurin, sauran ɗaruruwa suka zauna a taragu har ranar 19 ga wata. Kafin jirage su fara jefo abinci daga sama, mutanen ƙauyen da ke kusa, waɗanda su ma ruwa ya shiga gidajensu, su suka ɗora tukwane suka ciyar da baƙin.

Ba wata na'ura mai tsada ce ta ceci mutanen nan ba. Labari ne ya iso a kan lokaci, ga mutumin da ke da ikon cewa tsaya, wanda kuma bai ji tsoron wani babba zai kira shi ya ce don me ba. A layin da zai haɗa ƙasa biyu, da hukuma biyu, da harshen ofis biyu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Idan madatsar Jibiya ta cika ta fara amai da ƙarfe biyun dare, wa zai kira wa? Da wane harshe? Hausa dai tana nan, ta riga Turanci da Faransanci zama a ɓangarorin biyu. Kuma ba sai an ƙirƙiro sabuwar hukuma ba: akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tun 1971, mai mazauni a Yamai, akwai kuma yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan ruwan da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kansa, wadda ta ambaci kogin Gada da Gulbin Maraɗi da suna. Takardu suna nan. Lambar wayar da za ta ɗauka cikin dare ita ce abin nema.

Ba ina ƙin jirgi ba ne, kada a ji ni ba daidai ba. Madarunfa na da abin da za ta nuna wa baƙo: tafki da masuntansa da tsuntsayensa, da daji, da kaburburan waliyyai 99 da mutane ke zuwa ziyara, wuraren da Nijar ta miƙa sunansu ga hukumar UNESCO tun 2006 cikin jerin waɗanda take fatan a sa a kayan tarihin duniya. Ranar da Bakano zai hau jirgi da safe ya ci soyayyen kifi a bakin tafki da azahar, matan da ke tuya su za su fara gani a aljihunsu. Mai wake da mai aya da mai zogale da mai tumatir na Jiratawa za su samu hanyar kasuwannin Dawanau da 'Yankaba na Kano ba tare da shingaye ashirin ba. Amma duk wanda ya saba da dogo ya zama bawansa. Ranar da kasuwa ta koma kan jirgi, masu manyan motoci suka nemi wata hanya, yankewar mako uku a watan Agusta za ta ruɓar da kwandunan da ba na baƙo ba ne. Mu kuma ba mu da jirage masu saukar ungulu da za su yi kwanaki suna jigila.

Abin da Peru da Sikotland da Mokwa ba su da shi yanzu, mu muna da shi: lokaci. Nasu an riga an gina, gyara kawai suke yi da ninkin kuɗi. Namu ɓangaren, zane ne da za a iya gogewa a sake. Faɗaɗa kwalbati a takarda aikin fensir ne. Faɗaɗa shi bayan an ɗora dogo sai an tsayar da jirgi, an fasa ciko, an nemo kuɗin da ba wanda zai bayar sai bayan an yi jana'iza.

Don haka ina kira ga hukumomin gundumar Madarunfa, da sarakuna da masu gari na Ɗan Isa da Jiratawa da duk inda layin zai bi, su nemi a kawo zanen a shimfiɗa shi a ƙofar fada, a yi bayaninsa da Hausa. A sa dattawan kowane ƙauye su taka da injiniyoyi, su nuna musu jikin bishiyar da ruwan 2024 ya bar alama, da inda korama ta sauya hanya, da tsohon kwarin da ya cike da yashi har aka manta da shi aka yi gidaje a ciki. A rubuta kowane kwalbati da kowace magudana a rajista, kwafi ɗaya a ofis, ɗaya a hannun mai gari. A ɗauki samarin ƙauyukan bakin layi aikin yashe su kafin ruwan farko da kuma bayan kowane babban ruwa, da albashi, ba da sunan aikin gayya ba, domin gayya shekara biyu take yi ta mutu.

Kai kuma mai gona, ranar da masu awo suka iso da turakunsu da jan fenti, na san abin da zai fara zuwa bakinka shi ne nawa za a biya diyya. Tambayi wannan, haƙƙinka ne. Amma kafin su shiga mota, ka riƙe babbansu ka ce: «Ranka ya daɗe, ruwan da ke bi ta nan da damina, ta ina kuka bar masa hanya, nawa ne faɗinta, kuma wa zai riƙa yashe ta?» In bai ba ka amsa ba, kada ka sa hannu ranar.